Komin bulo ko na katako? Muhawara a kan gyaran filin lambu a bayan gida

Baban Tagwaye:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina da fili a bayan gida, tsawonsa mita 7, faɗinsa mita 4. Ina so in yi komaye uku na kayan lambu, wato tumatir, alayyaho, attaruhu da ɗan karas, sannan in ɗora tankin ruwa mai lita 1000 a kusurwa ya riƙa karɓar ruwan indararo. Da hannuna nake son yi, ni da ƙanena, a ranakun hutu. Tsarina shi ne in ja bulo layi biyu, in jingina komayen da bangon ɗaki don in rage yawan bulo, in yi musu daɓen siminti a ƙasa saboda ciyawa da gara. Tankin kuma zan jera masa bulo in shimfiɗa katako a kai. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, abu biyu za ka cire daga tsarin nan tun kafin ka sayi siminti: jingina da bango, da daɓen ƙasa.

Komi wuri ne da za ka riƙa tuttula wa ruwa safe da yamma. Bulo kuwa yana shan ruwa, yana kuma jan sa sama. In ka tara jiƙaƙƙiyar ƙasa a jikin bangon ɗaki, bulon da ka rage za ka biya shi da filasta da fenti. Za ka ga fentin cikin ɗaki ya kumbura daga ƙasa yana ɓarewa, wani farin gari ya fito a jikin bango, ɗaki yana warin danshi. Ledar da ake shimfiɗawa a kan fandisho don ta tare danshi tana aiki ne kawai in ƙasar waje tana ƙasa da ita da kamar santimita 15. Kai kuma za ka tara ƙasa har ta haye ta. Ka bar aƙalla rabin mita tsakanin komi da bango, ya zama hanyar wucewa.

Hajiyar Lambu:
Baba ya gama maganar bango. Ni daɓen ne ya ɗaga min hankali. Malam, in ka daɓe ƙasan komi da siminti, kwatami ka gina. Ruwa ba shi da mafita, saiwa kuma tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Ganye zai yi ɗorawa ya yanƙwane, ka ɗauka ƙishi ne, ka ƙara ruwa, alhali a ƙasa saiwar ruɓewa take yi. Bar ƙasan a buɗe. Ka sassaƙe shi da fartanya kafin ka cika, in ciyawa kake tsoro ka shimfiɗa kwali mara leda a ƙasa. Kafin ya ruɓe ya kashe ciyawar.

Baban Tagwaye:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To in na bar daɓen amma na zuba tsakuwa a ƙasa fa, don ruwa ya riƙa tsanewa?

Malamin Gona:
Wannan ita ce shawarar da kowa ke bayarwa, kuma ba ta yin aikin da ake zato. Ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ƙasar da ke saman tsakuwar ta cika ta tumbatsa tukuna. Wato ka rage wa saiwa zurfi, ka kuma matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da ita. A tukunyar fure ma haka abin yake.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne yadda ƙasar filinka ke shan ruwa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya ƙafe cikin 'yan sa'o'i, ƙasarka lafiya lau. In ka wayi gari ruwa na nan kwance, laka ce, kuma a nan ne komi mai tudu yake da amfani na gaske.

Kafinta:
Ni dai ban ga dalilin bulo ba. Katako huɗu, turaku a kusurwa, ƙusa, yini ɗaya ka gama. In wuri bai yi ba ka kwance ka matsar. Bulo kuwa in ka gina ka ginu ke nan.

Tsohon Magini:
Gara tana gaishe ka.

Kafinta:
Baba ai akwai magani. A shafe shi da baƙin mai, gara ba ta kusantarsa.

Hajiyar Lambu:
Baƙin man inji a jikin komin da yara za su ci ganyensa? Haba Malam Kafinta.

Kafinta:
Hajiya ai a jikin katako yake, ba a ganyen ba.

Malamin Gona:
Katakon nan jiƙe yake kullum, ƙasa na manne da shi, man kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙuna masu illa, kuma da wuya ƙasa ta rabu da shi. Ko katakon da aka sa wa magani a masana'anta ma sai an duba. Akwai tsohon maganin katako da ake kira CCA mai ɗauke da sinadarin arsenik, wanda a Amurka aka daina sa shi a katakon amfanin gida daga ƙarshen 2003. Haka katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci da jiragen ruwa, wanda mutane ke kwancewa su yi aiki da shi: ku duba tambarin da ke jikinsa. In an buga HT, da zafi aka gasa shi, ba laifi. In MB ne, da iskar guba aka turara shi, a bar shi. Wanda ba a san me aka ɗora a kansa ba, ko mai tabon mai, shi ma a bar shi.

Kafinta:
To na ji. Amma a rubuta cewa bulo ma yana da nasa. Yana ɗaukar zafin rana ya riƙe, shukar da ke gefe ita ke fara yaushi. Kuma yana cinye wuri. Bulo mai inci 6 hagu da dama, ƙafa guda ta tafi a kowane komi.

Tsohon Magini:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Mai Haya:
Ku masu gida kuna ta gardamar bulo da katako. Mu da ke haya buhu muke cikawa da ƙasa, mu huda gindinsa, mu jera. Tumatir ɗaya buhu ɗaya. Ran da mai gida ya ce a tashi, lambu ya hau mota tare da katifa. Illarsa dai rana na cinye buhun, in ya shekara sai ya fara yagewa, kuma yana saurin bushewa.

Hajiyar Lambu:
Ka ga wannan maganar ta Mai Haya, Baban Tagwaye, kada ka ɗauke ta wasa. Ita zan ba ka shawara ka fara da ita ko da gidan naka ne.

Ka ce fili mita 7 da mita 4, amma ba ka gaya mana inda rana ke faɗawa ba. Bayan gida katanga ce ta kewaye shi, ga inuwar ɗaki. Tumatir da attaruhu suna son rana ta sa'a 6 zuwa sama. Alayyaho da latas suna haƙuri da ƙasa da haka. Kuma inuwar da ka gani yau ba ita za ka gani bayan wata huɗu ba, domin rana tana karkata cikin shekara, katangar da ba ta tare komai yanzu tana iya rufe rabin filin nan gaba. Ka fita da safe, da azahar, da la'asar, ka ja layi a ƙasa da sanda inda inuwa ta tsaya. In an yi ruwan sama ka leƙa tun ana yi, ka ga inda ruwan rufi ke dukan ƙasa, inda yake bi, inda yake kwanciya.

Zangon farko ka yi shi da buhu, ko ka jera bulon haka nan ba siminti. Layi ɗaya ko biyu yana zama da nauyinsa in ƙasa ta daidaita. Shukar da kanta za ta nuna maka inda take so. Bayan nan ka kwaɓa siminti.

Baban Tagwaye:
Hajiya kina so ki mayar da ni baya da wata shida, ga shi na riga na yi wa mutanen gida alkawarin tumatir.

Hajiyar Lambu:
Tumatirin buhu ba tumatir ba ne?

Injiniya:
Na shigo a makare. Duk kun tsaya a kan komi, alhali abin da zai iya yi wa mutum rauni a tsarin nan tankin ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 1000 tan guda ke nan, ban da nauyin tankin. Baban Tagwaye ya ce zai jera bulo ya shimfiɗa katako. Bulon da aka jera ba siminti a kan ƙasar da indararo ke jiƙawa, gefe ɗaya zai fara nutsewa. Da ya karkata kaɗan nauyi ya koma wannan gefen, ya ƙara nutsewa. Katako kuma yana lanƙwasa, yana ruɓewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Sunanka Baban Tagwaye, ka san inda yara ke son wasa: ƙarƙashin tanki, wurin inuwa da ɗigon ruwa. A nan da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko dai a yi mazauni na ƙwarai, ko a ajiye tankin a ƙasa a kan daɓe.

Baban Tagwaye:
Subhanallah, ban lissafa nauyin haka ba. Injiniya, yaya tsayin da ya kamata? Na so ya yi sama sosai don ruwa ya yi ƙarfi.

Injiniya:
Kowace mita ɗaya ta tsayi tana ba ka kusan kashi ɗaya cikin goma na "bar", wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Ko ka ɗaga shi mita 3 ba zai yi feshi irin na famfon gari ba. Kai kuwa ba feshi kake nema ba. Don cika bokiti ko tura ruwa cikin siririn tiyo mai ɗigo zuwa komaye uku, mita ɗaya ta wadatar. Sannan ka tuna bakin tankin dole ya kasance ƙasa da indararo, in ba haka ba ruwan ba zai shiga ba. Auna daga indararo zuwa ƙasa, cire tsayin tanki, abin da ya rage shi ne iyakar mazauninka.

Tsohon Magini:
Bari in ba shi yadda ake yi, tunda da hannunsa yake so.

Ka haƙa har ka wuce baƙar ƙasar sama ka tarar da mai tauri. Kada ka yi a kan ƙasar cike, kada ka yi kusa da ramin sokawe, balle a kansa. Ka zuba kankare kaurin santimita 15: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, duka da kwano ɗaya za ka auna, ba da cebur ba, don cebur yana ƙarya. Ruwa kaɗan kaɗan. Sabon hannu kullum ruwa yake cikawa don kwaɓin ya yi masa daɗin juyawa, kuma yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare.

Sai ka ja bulo mai inci 9 zagaye huɗu, kowane layi ya hau kan gaɓar na ƙasa, kada gaɓa ta hau gaɓa. In mita ɗaya ce, hanya mafi sauƙi ga wanda ba magini ba ita ce ya cike cikin da ƙasa, yana jiƙawa yana dandaƙewa kaɗan kaɗan, sannan ya zuba kankare a sama da ragar rodi. Saman ya fi gindin tanki faɗi, ya kwanta sumul. Tankin roba yana son duk gindinsa ya zauna, ko ƙaramin dutse ya tokare shi, nan zai tsage wata rana.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne ban ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan ne ke haɗuwa da siminti ya ƙanƙara. Ka rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ka ba shi ruwa kwana 7. Cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake lissafa shi, don haka kada ka cika tanki a satin farko.

Kafinta:
Baba ka manta kusurwa. Mazaunin zai fito a karkace.

Tsohon Magini:
Ban manta ba, hannu ne ya gaji da rubutu. Ka kafa turke, ka ja igiya biyu. A ɗaya ka auna santimita 60, a ɗayar 80. In tsakanin alamomin biyu ya ba ka 100 cif, kusurwarka ta miƙe. Uku, huɗu, biyar ke nan. Daidaiton sama kuma, sami siririn tiyo mai haske ka cika shi da ruwa ba kumfa, ka ɗaga bakinsa biyu. Inda ruwa ya tsaya a wannan baki, nan ya tsaya a wancan.

Malamin Gona:
Tunda ana lissafi, a yi na ruwan ma, don kada a ɗora wa tankin burin da ba zai iya ba. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ce. In ɓangaren rufin da ke zuba a indararonka murabba'in mita 50 ne, ruwan milimita 20 ya cika tankin, wato ruwa ɗaya mai kyau. Sauran duk ambaliya ne, sai ka yi masa bututun fita da zai kai shi nesa da fandishon ɗaki da na tankin.

Ta ɗaya gefen, a lokacin zafi kayan lambu na shan kamar lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita kullum. Komaye uku masu mita 1.2 da mita 3 sun kusa murabba'in mita 11. Lita 55 zuwa 75 ke nan a rana. Tankin zai kai ka mako biyu ko ɗan fiye. Zai cike maka giɓi tsakanin ruwa da ruwa, amma ba zai raka ka rani ba.

Hajiyar Lambu:
Shi ya sa nake rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku. Ka ɗaga ta da azahar ka sa hannu, za ka ji ƙasa da sanyi da laima, ta gefe kuwa ta ƙone ta yi ɓawo. Ka dai ja ta baya kaɗan daga gindin shuka. Wani abin kuma, tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba, ka binne ta har wuya a tsakiyar komi, ka cika ta ka rufe. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta a hankali, in ka tono ta bayan girbi za ka tarar saiwa ta nannaɗe ta.

Uwar Gida:
Ni tambayata sauro. Tankin ruwan sama ba zai tara mana shi ba?

Injiniya:
Zai tara in an bar shi a buɗe, Hajiya. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro a lokacin zafi. Murfi ya rufu gam, a sa raga mai ƙananan ido a mashiga da mafita. Ruwan farko da ya wanke rufi da ƙura da kashin tsuntsu a bar shi ya zube. Tanki mai duhun launi ya fi, don haske ke kawo gansakuka.

Baban Tagwaye:
Malam, na ga ka ce faɗin mita 1.2. Ni na so in yi mita 2 don in samu wuri.

Malamin Gona:
Miƙa hannunka ka gani. Santimita 60 ne mutum ke kaiwa ba tare da ya taka ba. Ta gefe biyu 1.2 ke nan. In ka yi mita 2 dole ka shiga ciki, kuma duk inda ƙafa ta taka ƙasa ta danne, amfanin komin ya tafi.

Ka kuma lissafa ƙasar cikawa tun yanzu, don a nan mutane ke tsayawa. Komi ɗaya mai zurfin santimita 40 yana cin kusan lita 1,440, baro 20 ke nan in baron mai lita 70 ne. Uku, baro 60. Alayyaho da latas santimita 20 ta ishe su, tunda ƙasan a buɗe yake. Karas da tumatir ne ke son zurfi. Ba dole duka ukun su zama layi biyu ba.

Baban Tagwaye:
Baro 60! Ƙanena in ya ji wannan ba zan sake ganinsa ba. Taki fa? Maƙwabcina yana kiwon kaji, ya ce in kwashi kashin yadda nake so.

Hajiyar Lambu:
Karɓa, amma kada ya shiga komi ɗanye. Kashin kaji yana da zafi, yana ƙone dashe, ga ƙwayoyin cuta. Ware masa kusurwa, ka riƙa shimfiɗa shi kashi ɗaya, busasshen ganye ko ciyawa kashi biyu zuwa uku, kana yayyafa ruwa. In ka damƙa a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ruwan ya yi. Bayan 'yan kwanaki ka tura sanda ciki ka zaro, za ka ji ta da zafi. Ka riƙa juyawa. In ya yi baƙi, ya daina zafi, warin ya koma na ƙasa, ya nuna. In yana warin fitsari kashin ya yi yawa, ƙara busasshen ganye.

Malamin Gona:
Zafin nan yana kaiwa maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, shi ke kashe irin ciyawa da yawancin cututtuka. Wanda kuma ya ga dole sai ya sa ɗanye, ƙa'idar da masu noma ba sinadari ke bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zubawa da girbi ga abin da ke taɓa ƙasa, irin karas da latas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Mai Haya:
Toka fa? Ni ina barbaɗawa.

Malamin Gona:
Kaɗan, kuma ta itace zalla. Tana rage tsamin ƙasa, in ta yi yawa shuka ta kasa jan wasu sinadaran. Kada ka haɗa ta da ɗanyen kashin kaji, tana korar amfaninsa ya bi iska.

Kafinta:
Har yanzu dai ba a ba ni amsa ba. In zangon gwaji za a yi, me ya fi katako sauƙin kwancewa?

Tsohon Magini:
Bulon da ba a sa wa siminti ba. Kuma in an gama gwajin, da shi za a yi ginin.

Kafinta:
To a bar min ragar tumatir da murfin ramin taki, waɗannan dai ba a yin su da bulo.

Baban Tagwaye:
An bar maka, Malam Kafinta. Ga inda na tsaya: tankin zan fara, yadda Baba ya tsara, tsayin mita ɗaya in indararo ya yarda. Komi biyu bulo layi ɗaya ba siminti, nesa da bango, tumatir a buhu. Baba, tambaya ɗaya ta rage. Kusurwar da na so in sa tankin, tsakaninta da murfin sokawe taku biyu ne. Ya yi kusa?

Tsohon Magini:
Ya yi kusa. Ramin ya fi murfinsa faɗi, ƙasar gefensa kuma cike ce. Ɗauko hoton ɗaya kusurwar ka turo, da inda indararon yake, mu gani ko bututu zai kai.